Sunan Da Aka Wanke A Ƙwarya

Shafi na 19

Da sunan Allah muke ɗorawa. Ku yi haƙuri da jinkiri, aikin gona ne ya riƙe ni. Ɗan'uwan da ya zage ni a ƙarƙashin shafin da ya wuce, wai don me na ɗauko Bayarabe na sa a gaban labari, na ga maganarka, ban goge ba. A Funtua aka yanke wa Lateef cibiya, ban san inda zan kai shi ba. Allah ya huci zuciyarka, ka zauna mu ci gaba.

*

Gari ya waye bangon Lateef ya yi baƙi ƙirin da gawayi.

Bangon nan dai kun san shi. Na shagonsa ne na fentin motoci, wanda ke manne da zauren gidansu, yana kallon ƙofar tasha. Duk ranar kasuwa yakan shafe shi da farar ƙasa, ya dama shuni da ƙaro, ya rubuta abin da ke ransa da manyan baƙaƙe. Masu karatu su karanta wa marasa karatu. Mai magana ya ɗauki gawayi a murhun Ladidi mai ƙosai ya rubuta tasa a ƙasa.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ba ya goge maganar kowa kafin ranar kasuwa ta zagayo, ko zagi ne. Amsa yake bayarwa a ƙarƙashinta.

Akwai wanda ya taɓa rubuta masa cewa Bayarabe ba ya da aiki sai cin barkono. Lateef ya amsa masa da cewa ya zo gida da azahar a zuba masa. Mutumin kuwa ya zo, ya ci, ya sha ruwa kofi bayan kofi yana hawaye, aka yi ta dariya a tasha.

To amma zagin yau ba irin wancan ba ne.

MAYE.

MATSAFI ƊAN MATSAFA.

KA FITO DA RUWAN.

Wani ya zana hannu, ya ja masa layi a wuyan hannu. Wani kuma can gefe, da ƙananan baƙaƙe, yana tambaya ko an gama rubuta masa lambar kekensa. Shi kaɗai ne bai zage shi ba.

Lateef ya tsaya yana karantawa ɗaya bayan ɗaya, buta a hannunsa.

Abin da ya jawo wannan kuwa, a kakar audugar nan ta shekarar da aka canza kuɗi, Isyaku ƙanen matarsa Tasalla ya taso daga Kafur zai zo Funtua. Ya hau saman lodin auduga a roka, babbar motar kaya ta Abdussamad direba, shi da wasu manoma. A wata kwana motar ta yi wurgi da shi. Aka yi ta bubbuga kan mota kafin direba ya tsaya. Ko da aka koma, rai ya yi halinsa.

Lateef ya rubuta a bango cewa mutum ba buhu ba ne, a daina ɗora shi a saman kaya. Bai kama sunan kowa ba.

Abdussamad ya zo da kansa ya rubuta a ƙasa cewa wanda ya hau saman kaya ai ya san ba gadon uwarsa ya hau ba, baƙo kuma ya ja bakinsa a garin mutane. Ya sa sunansa. Tare suka yi makarantar allo da Lateef, tabarma ɗaya.

Ranar ne Lateef ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya hau kan durom ya rubuta, kowane baƙi kamar tsawon hannu: ABDUSSAMAD KA KASHE MUTUM KANA DARIYA.

Mahaifin Lateef, Baba Ayinde, tsoho mai sayar da kayan keke, ya fito ya gani, ya ce ya sauke wannan rubutu kafin a idar da la'asar. Ya kuma ja masa kunne cewa sunan nan akwai sunan Allah a cikinsa, kada ya kuskura ya watsa ruwa ya bi kwata. Lateef ya ɗauko sabuwar ƙwarya ya tara a ƙasa. Ya sa soso ya wanke sunan a hankali, baƙi bayan baƙi, ruwan shuɗi yana gangarawa ciki. Ya rufe da faifai ya shiga da ita gida, da niyyar ya kai gindin bishiyar masallaci ya zuba.

Ladidi tana kallo. 'Yan lodi suna kallo.

Washegari rokar Abdussamad ta kife a hanyar Malumfashi. An ciro shi da rai, amma ƙafafu ba motsi, baki ba magana.

Kafin rana ta faɗi duk tasha ta gama haɗa lissafinta. An ga Bayarabe ya wanke sunan mutum a ƙwarya ya shiga ɗaki da shi.

*

Da Lateef ya gama karanta zagin safiyar nan, ya koma cikin gida ya ɗauko kwanon shuni ya zauna yana damawa.

Tasalla tana bakin murhu, 'yarsu Risikat a goye. Tun rasuwar ƙanenta ba ta cika magana ba. Kokon da ta dama ma na nan a gabanta ya yi fata.

Ta tambaye shi me zai yi da shunin. Ya ce amsa zai ba su, kamar yadda ya saba. Ta ce wannan ba zagin da ake amsawa ba ne. Ta ce akwai jirgin ƙasa na Zariya da hantsi, su tattara su bi shi, in ƙura ta lafa sa dawo. Ya yi murmushi ya ce in ya gudu ai ya amsa laifi ke nan, kuma wa zai bar wa Baba?

Can ta ce,

"Baban Risi, in ma za ka rubuta, kada ka ambaci ruwan."

Ya ce ai ruwan ne maganar gaba ɗaya. Ƙwarya tana nan inda ya ajiye ta, bayan ƙofa, kan akwatin ƙarfe. Da ma hayaniyar jiya ce ta hana shi kaiwa masallaci, yanzu kuwa ya ga alherin hakan. Duk mai shakka ya zo ya buɗe faifai ya gani da idonsa.

Ta buɗe baki za ta yi magana, Risikat ta fashe da kuka. Ta juya tana jijjiga ta.

Shi kuma ya ɗauki buroshinsa ya fita.

Mutane sun fara taruwa. Ba wanda ya amsa sallamarsa sosai. Wani ɗan kamasho ya ce a matsa baya, kada mai ƙwarya ya tambayi sunan mutum. Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Wani ya ce shi daga yau sunansa Babu, a rubuta a wanke. Ladidi tana juya ƙosai tana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa ita da idonta ta gani, har bakinsa na motsi lokacin da yake wankewa.

Bakinsa kuwa ya yi motsi. Bisimilla yake yi.

Ya gangaro da durom ya hau. Bai goge zagin kowa ba. Ya nemi wuri fari a sama, ya rubuta a natse, kamar yana yi wa mota ado:

NA WANKE SUNAN NE DON AKWAI SUNAN ALLAH A CIKI, BAN SO YA BI KWATA. RUWAN YANA ƊAKINA A RUFE, KO COKALI BAN RAGE BA. MAI SO YA ZO YA GANI. ALLAH YA BA ABDU

Nan ya tsaya, don ya tuna abin da sunan ya jawo. Yana tunanin ko ya ce ɗan'uwana kawai, sai ya ji tasha ta yi tsit.

Ya waiwaya.

Wata akori-kura ce ta tsaya a tsakiyar hanya, ba ta ko gyara tsayuwa ba. Maitama ya diro daga baya.

Maitama yayan Abdussamad ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne kuma shugaban 'yan lodi. Ya yi dambe da ƙuruciya, har yanzu hannunsa na dama ya fi na hagu kauri. Daga asibitin Malumfashi yake. Rigar jikinsa ta jiya ce, jinin ƙanensa ya bushe a ƙirjinta. Maza biyar suka diro bayansa. Ɗaya yana riƙe da ƙarfen kwance taya.

Lateef ya ce,

"Yaya Maitama, ya mai jiki?"

Maitama ya tako har gindin durom, ya ɗaga ƙafa ya hamɓare shi.

Lateef ya faɗo ta gefe, kafaɗarsa ta bugi ƙasa, kwanon shuni ya kife a kansa. Kafin ya yunƙura an sa masa ƙafa a ciki. Wani ya damƙi wuyan rigarsa ya ɗaga shi, wani ya sharara masa mari, kunnensa ya ɗauki kuka. Suka haɗa shi da bangon. Bayan kansa ya bugu, farar ƙasa ta zubo masa a ido. Naushi a baki, naushi a haƙarƙari. Bai rama ba. Hannunsa na dama kawai yake ɓoyewa a hammata.

Mata masu tallan fura suka kwashi ƙoransu. Maza kuwa ƙara matsowa suka yi.

Baba Ayinde ya fito da gudu irin na tsofaffi, carbi a hannu, yana kiran sunan Maitama. Ya shiga tsakani yana cewa ɗana, ɗana, ka tsaya ka ji. Ɗaya daga cikin mazan ya bangaje shi da kafaɗa. Tsohon ya zauna daɓas cikin kwata, hularsa ta gangara.

Wannan ne ya sa Maitama ya ɗaga hannu. Aka dakata.

Ya je da kansa ya kamo tsohon ya tsayar, ya ɗauko hular ya kakkaɓe ya miƙa masa. Ya ce Baba ya yi haƙuri, ba da shi ake yi ba. Kekensa na farko a shagonsa ya saya, bai manta ba.

Baba Ayinde ya ce in dai bai manta ba, to ya sani shi ne ya ce a tara ƙwarya. Ya yi bayani numfashi na sarƙe shi. Ya ce ko a gidan su Maitama, in yaro ya wanke allo, a kwata ake zubawa? Ya ce su ba su san tsafi ba, shi sahun farko yake sallah tun Maitama yana yawo ba wando.

Wasu suka gyaɗa kai. Wasu suka ce ai allo daban, sunan mutum daban.

Maitama ya kalli sabon rubutun da ke sama. Ba ya karatun boko. Ya ce wa na kusa da shi ya karanta masa. Aka karanta. Ya ce a maimaita. Aka maimaita, har wurin ko cokali ban rage ba.

Ya juyo wurin Lateef, wanda ke durƙushe yana tofar da jini.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne."

"Ruwan yana nan?"

"Yana nan, Yaya."

Maitama ya ja numfashi. Muryarsa ta yi ƙasa, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. Ya ce ya kwana zaune a kan ƙanensa. Ya kira sunansa har muryarsa ta dushe, yaron idonsa a buɗe amma bai waiwayo ba, kamar ba sunansa ake kira ba. Uwarsu ta ce suna ne aka ɗauke masa, a je a karɓo. Don haka ga magana, kowa ya zama shaida. In ruwan yana nan cif kamar yadda aka rubuta, zai ɗauka ya kai Malumfashi a ba Abdussamad ya sha, a shafe masa ƙafafu da saura. Shi ke nan, ba shi ba ɗan Ayinde, har kuɗin magani zai biya na dukan da aka yi masa.

In kuwa babu, ya rantse a gaban uwarsa, hannun da ya wanke sunan ba zai ƙara riƙe buroshi ba.

Lateef ya ce ya yarda.

Har wani sanyi ya ji a ransa. Ya ce a bar shi ya shiga ya ɗauko. Maitama ya ce a'a, kada ya shiga ya ɗebo na randa ya zuba shuni. Baba ya je, mutum ɗaya ya raka shi.

Aka gangaro da wani tsohon wilin mota da ke jingine a shagon, aka kwantar da shi a tsakiyar fili. Aka zaunar da Lateef a gabansa. Mutum biyu suka dafa kafaɗunsa.

Ladidi ta sauke kaskonta, ta goge hannu da zane, ta matso gaba.

Aka jira.

Wani ya ce tsohon ya daɗe. Wani ya ce ko ta baya suka fice.

Can sai ga Baba Ayinde ya fito daga zaure. Ƙwaryar tana hannunsa biyu, faifai a kai. Tafiyarsa kawai Lateef ya kalla. Mai ɗauke da ruwa ba haka yake tafiya ba.

Tsohon bai kalli kowa ba. Ya ajiye ta a ƙasa.

Maitama ya sa ɗan yatsan ƙafa ya ture faifan.

Ƙwarya a bushe. Sai shatin shuɗi da ya zagaye cikinta, iya inda ruwan ya tsaya a da.

Wurin ya ɗauki guna-guni.

Lateef ya leƙa, ya ƙara leƙawa. Ya ce wallahi a cike ya ajiye ta. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Baba Ayinde ya ce ko ta tsage ne ta yoye, ko kaza ce ta shiga ɗakin. Maitama ya ɗaga ƙwaryar sama ya duba ta a rana, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa gindinta. Lafiya lau. Ya ce wace irin kaza ce take shanye ruwa ta mayar da faifai?

Sai Ladidi ta dafe ƙirji.

Ta ce yanzu ta tuna. Jiya da ta zo hura wuta, rokar Abdussamad tana tsaye an gama lodi, ta ga ƙasa a jiƙe a gaban tayar direba. Shuɗi. Ta ɗauka ko wata mai wanki ce ta zubar. Wani ɗan lodi ya ce shi ma ya gani, har ya taka, ya ɗaga silifas ɗinsa yana nuna wa mutane, ko da yake ba komai a jiki sai laka.

Maitama ya maka ƙwaryar da ƙasa ta tarwatse.

Abin da ya biyo baya, ban so in tsawaita. Sun tattake Lateef. Wani ya karya masa sandar buroshi a gadon baya. Wanda bai san Abdussamad ba ma ya kawo nasa dukan. Baba Ayinde yana roƙo da Hausa, da ta ƙare masa ya koma Yarabanci, mutum biyu suna riƙe da shi.

Da suka gaji, aka ja Lateef zuwa wilin. Ya dunƙule hannun ya cusa a cikinsa ya kife a kai. Suka birkito shi. Mutum uku ne a kan hannu ɗaya, yana fizgewa suna jawowa. Yana cewa Yaya Maitama ka ji tsoron Allah, da shi nake ci da iyali, ban zuba ba, ban san wanda ya zuba ba.

Aka miƙa wa Maitama ƙarfen.

"Ni na zuba."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma an ji ta.

Tasalla ce a bakin zaure. Ba mayafi, ba takalmi, Risikat a bayanta.

Ta tako har tsakiyar fili. Ba ta kalli mijinta ba. Maitama take kallo.

Ta ce Isyaku a bayanta ya girma, don uwarsu ta rasu yana shan nono. Ta ce kaza ya riƙo mata daga Kafur ranar da ya faɗo, an kawo mata kazar da ranta, shi an kawo shi a tabarma. Ta ce ta jira Abdussamad ya zo ko a bakin zaure ya ce Allah ya ji ƙansa. Bai zo ba. Sai ya zo bangon gidanta ya rubuta maganar gadon uwa. Ita ba ta karatu, amma yara sun yi ta rera mata a bakin rijiya.

Ta ce da ta ga sunansa a ƙwarya a bayan ƙofarta, ba malamin da ta je wa, ba bokan da ta nema. Ɗauka ta yi ta kai gaban tayarsa ta juye, ta ce Allah ya isa.

"Mijina bai sani ba. Ku sake shi."



Waɗanda ke riƙe da Lateef suka sassauta. Ya zare hannunsa. Yana nan lafiya, yatsu biyar, duk suna motsi. Ya rungume shi a ƙirji.

Sai wata murya daga baya ta ce mayya.

Wata ta karɓa.

Ladidi ta ja da baya tana tofi a cikin rigarta. Wani ya ce da ma shirun nan nata ba na Allah ba ne. Wani ya ce a kwance yarinyar daga bayanta tukuna. Wani ya ce a bar yarinyar a bayanta, ai maita a nono ake sha.

Lateef yana daga ƙasa, don haka shi ya fara ganin abin da na tsaye ba su lura ba. Hannaye suna sauka ƙasa. Gefen tasha duk tsakuwa ce da guntayen bulo. Wani ya ɗauki dutsen murhun Ladidi, da zafinsa, yana juya shi daga hannu zuwa hannu.

Dutse na farko ya wuce ta gefen kunnenta ya bugi bango.

Na biyu ya same ta a goshi. Ta yi taga-taga, ta kai hannu baya ta tallafe kan Risikat. Jini ya biyo ta gefen hancinta. Ba ta gudu ba.

Lateef ya miƙe. Shi kansa bai san da wane ƙarfi ba. Ya shiga gabanta ya buɗe hannuwa.

Ya ce ƙarya take yi.

Ya ce kowa a unguwar nan ya san tun rasuwar ƙanenta kanta ya taɓu, ba ta ci ba ta barci, tana magana ita kaɗai. Ya ce macen da ko tasha ba ta shiga, ina ta san motar Abdussamad a cikin motoci? Ina ta san tayar direba? Ya ce shi ya yi wa rokar nan fenti, shi ya san ta. Shi ya rubuta sunan, shi ya wanke, shi ya kai ya zuba. Rantsuwar da ya yi ɗazu tsoro ne.

Tasalla ta ce, "Baban Risi."

Ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ya ce ta rufe masa baki, maza na magana. Ya ce Baba ya shiga da mahaukaciyar nan ciki ya sa sakata.

Baba Ayinde ya kalli ɗansa. Ya gane. Ya fizge daga masu riƙe da shi, ya kama hannun surukarsa, abin da shi ma bai taɓa yi ba, ya ja ta. Tana turjewa tana cewa ni ce, wallahi ni ce, yana janta yana cewa na ji, 'yata, na ji, mu je. Ƙofar zaure ta rufe. Aka ji ƙarar sakata.

Mutane suka tsaya da duwatsu a hannu, suna kallon ƙofar, suna kallon Maitama. Wani ya ce katako ne fa, ƙafa ɗaya ya ishe shi.

Lateef bai jira ba.

Ya taka zuwa wilin, yana jan ƙafa. Ya durƙusa. Ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ya shimfiɗa hannun dama a kan wilin, ya ware yatsu, kamar mai shirin shafa fenti.

Ba wanda ya riƙe shi.

Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji, ya ce hannu aka rantse a kai, ga hannu. Wanda ya yi laifi ga shi a gabansu. In an gama, kowa ya ajiye dutse ya koma lodinsa.

Maitama ya daɗe yana kallonsa.

Ya tako. Ya tsuguna har gwiwarsa ta taɓa ta Lateef, warin jinin rigarsa ya cika masa hanci. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, su biyu kawai.

"Ɗan Ayinde, na san ƙarya kake yi."

Lateef bai ɗago ba.

"Na sani, Yaya."

"In na ajiye ƙarfen nan, ƙofar can za su nufa. Ba zan iya tare su ba."

"Shi ya sa na ce ka yi sauri."

Maitama ya goge fuskarsa da tafin hannu. Idonsa ya yi ja. Ya tambaye shi ko yana iya rubutu da hagu.

Lateef ya ce bai taɓa gwadawa ba.

Maitama ya miƙe tsaye. Ya juya ya kalli taron, ya ce kowa ya ji da kunnensa, mai laifi ya amsa laifinsa. Mace ba ta cikin maganar nan. Duk wanda ya taɓa ƙofar gidan Baba bayan wannan, da shi Maitama zai yi.

Daga cikin zaure ana jin Tasalla tana dukan ƙofa da hannu biyu.

Lateef ya juya fuskarsa gefe. Ya cusa wuyan rigarsa a baki ya cije.

Maitama ya gyara tsayuwa, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, ya ɗaga shi sama da kansa.

Ƙarar da ta biyo baya, har masu ɗaure auduga a can ƙarshen tasha sai da suka saki igiya.